Yadda ake lissafin haraji da sauran kuɗaɗen da ke kan mai sayar da gida a Saudiyya

Na taɓa zama shaida a ofishin wani dillali a Makka, wajen Rusaifa, ranar da wani dattijo daga cikin mutanenmu ya sallama gidansa. An sha shayi, an yi ciniki, ya ce ya sayar a kan kaza "safi", aka tafa hannu, kowa ya tashi yana murna. Abin da dattijon yake nufi da safi shi ne ba za a taɓa masa ko riyal ɗaya daga cikin kuɗin ba, shi kuwa mai saye ya ɗauka cewa la'adar dillali ce kawai ta hau kansa. Ba a gane an yi wa kalma ɗaya fassara biyu ba sai da aka zo biyan haraji, aka ga riyal dubbai masu yawa suna jiran wanda zai biya su, kuma babu takardar da ta faɗi ko wane ne. Saura kaɗan cinikin ya watse. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin mai gida ya san abin da zai rage masa a hannu tun kafin ya buɗe baki ya ce ya sallama.

Mataki na farko: duba sakkin gidan

Kafin a yi maganar kuɗi, sai a tabbatar cewa gidan yana sayuwa a hukumance. Sakki, wato takardar mallaka, dole ne ya kasance na zamani wanda ke cikin kundin Ma'aikatar Shari'a, ba tsohon nan na takarda da aka rubuta da hannu ba. Wanda yake riƙe da tsohon sakki sai ya nemi a sabunta shi ta intanet, kuma idan iyakoki ko faɗin filin ba su fito sosai ba, za a iya neman ya kawo awon fili daga ofishin injiniyoyi, wanda kuɗinsa a kan mai gida yake. A unguwannin da aka shigar cikin sabon kundin rajistar gidaje, wanda ake kira Sijillul Aƙari, a can ake yin rajista kuma a can ake sauya mallaka. Idan kuma ɗaki ne a cikin bene, wato shaƙƙa, sai a duba ko an yi mata farzi, ma'ana an ware ta da nata sakkin daban da na sauran ginin.

A nan ne mutanenmu da yawa suke tuntuɓe, domin a tsofaffin unguwannin Makka da Jidda akwai gidajen da aka daɗe ana ciki ba tare da sakki ba, akwai kuma waɗanda aka rubuta da sunan wani ɗan ƙasa bisa amana. A idon hukuma, wanda sunansa ke kan sakki shi ne mai sayarwa, shi ne za a bi bashin haraji, kuma shi za a bai wa kuɗin. Duk wanda yake cikin irin wannan hali ya kamata ya ga lauya kafin ya ga dillali.

Mataki na biyu: fahimci harajin kashi 5

Wannan shi ne kaso mafi tsoka, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. Sunansa a Larabci Daribatut Tasarrufatil Aƙariyya, wato harajin sauya mallakar gida ko fili, kuma hukumar zakka da haraji da kwastan, ZATCA, ce take karɓarsa. An fara aiki da shi ranar 4 ga Oktoba 2020. Kafin nan harajin VAT ake ɗorawa a kan cinikin gidaje, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100 a watan Yulin wannan shekarar, sai aka cire cinikin gidaje daga ƙarƙashinsa aka maye gurbinsa da wannan na kashi 5 cikin 100. A watan Afrilun 2025 sabuwar dokar harajin ta fara aiki, amma adadin bai canja ba.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, ana lissafa harajin ne a kan kuɗin gidan gaba ɗaya, ba a kan riba ba. Wanda ya sayi gida riyal 900,000 ya sayar da shi 850,000 ya faɗi, amma duk da haka akwai riyal 42,500 na haraji a kan cinikin. Tsohon gida da sabo, wanda aka zauna a ciki da wanda aka bayar haya, duk hukuncinsu ɗaya.

Na biyu, a wurin doka mai sayarwa ne ke da alhakin biya. A kasuwa an saba a ɗora shi a kan mai saye, kuma babu abin da ya hana mutum biyu su shirya a kan haka, sai dai wannan shiri tsakaninsu ya tsaya. Idan kuɗin bai shiga ba, ƙofar mai sayarwa hukuma za ta fara ƙwanƙwasawa. Don haka idan mai saye ya yarda zai ɗauka, a rubuta hakan ƙarara a takardar ciniki, kuma kada mai gida ya wadatu da jin cewa an biya, ya ga shaidar biyan da idonsa.

Na uku, kuɗin da za a bayyana dole ne ya zama na gaskiya, kuma kada ya gaza darajar gidan a kasuwa. Akwai masu ba da shawarar a rubuta ƙasa da abin da aka biya domin harajin ya ragu, a miƙa sauran a hannu. A ganina wannan ita ce shawara mafi tsada da za a bai wa mai gida. Hukumar tana da ikon sake kimanta cinikin har tsawon shekara uku, tarar kauce wa haraji tana iya kaiwa ninki uku na harajin kansa, ga kuma tarar jinkiri ta kashi 2 cikin 100 na abin da ba a biya ba a kowane wata, wadda ke taruwa har ta kai rabinsa. Ban da wannan, kuɗin da aka karɓa a bayan fage ba shi da shaida ranar da rigima ta tashi.

Akwai sauƙi guda da ke shafar aljihun mai sayarwa kai tsaye. Idan mai saye ɗan ƙasa ne kuma wannan ne gidansa na farko, gwamnati tana ɗaukar harajin riyal miliyan ɗaya na farko na kuɗin gidan, wato har riyal 50,000. Mai saye ne zai fitar da takardar shaidar hakan daga manhajar Sakani ya kawo, a shigar da ita lokacin rajistar cinikin. Ke nan a gidan riyal 1,200,000, maimakon 60,000, abin da za a biya 10,000 ne kacal. Shi ya sa tambayar ko wannan ne gidansa na farko ta cancanci a yi wa mai saye ita tun ranar da ya zo ganin gida, domin tayin da ya ɗan yi ƙasa daga mai irin wannan takarda yana iya fin tayi mai tsoka daga wanda ba shi da ita.

Wasu sauye-sauyen mallaka an yafe musu harajin: rabon gado tsakanin magada, kyauta ga miji ko mata ko dangi har zuwa daraja ta uku, waƙafi, wasiyya, da kuma gidan da gwamnati ta karɓa domin amfanin jama'a ta biya diyya, kamar yadda aka yi ta gani a aikin faɗaɗa Harami. Kyautar tana da sharaɗi, domin ba a yarda a mayar da ita gada ba, a ba ɗan'uwa yau shi kuma ya wuce da ita ga bare gobe. Ko da an yafe harajin, sai an yi rajistar sauyin a wurin ZATCA an zaɓi dalilin yafewar.

Wanda ba ɗan ƙasa ba yana da ƙarin abin dubawa. Sabuwar dokar mallakar gidaje ga baƙi, wadda aka amince da ita a 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba da damar karɓar wani kuɗi dabam wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 ba a kan cinikin baƙo, ban da harajin da muka yi bayani. Mai igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, da ya mallaki gida da sunansa ya sa wannan a lissafi tun farko.

Mataki na uku: daidaita da dillali a rubuce

La'adar dillali, wadda a nan ake kira sa'ayi, dokar dillancin gidaje da ta fara aiki a 2023 ta tsayar da ita a kan kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin ciniki, sai dai idan an yi yarjejeniyar wani adadi dabam a rubuce. A al'adar kasuwa mai saye ne yake biyan sa'ayi, amma doka ta ɗora shi a kan wanda ya ƙulla yarjejeniya da dillalin. Mai gidan da ya sa hannu a takardar dillanci yana tunanin al'ada za ta fitar da shi, yana iya wayar gari ya ga la'adar ta hau kansa. Idan ofishin dillalin yana da rajistar VAT, za a ƙara kashi 15 cikin 100 a kan la'adar kanta, ba a kan kuɗin gidan ba.

Dillalin ya kasance yana da lasisin FAL daga hukumar kula da harkar gidaje, yarjejeniyar ta zama rubutacciya kuma an ajiye ta a wurin hukumar. Idan ba a faɗi wa'adinta ba, kwana 90 ne. A lura da cewa dillali yana da haƙƙin la'adarsa ko da an kammala cinikin bayan ƙarewar wa'adin, matuƙar bai wuce wata biyu ba kuma ya nuna cewa shi ne ya haɗa cinikin, saboda haka jiran wa'adi ya ƙare domin a zagaye shi ba dabara ba ce. Inda dillalai suka yi yawa, wannan ya kawo wancan, wancan ya kawo mai saye, a bayyana tun farko cewa la'ada ɗaya ce su raba a tsakaninsu.

Mataki na huɗu: arbun

Arbun shi ne abin da muke kira kafin alƙalami. A cinikin da aka yi ta hannun dillali bai kamata ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan ba, abin da ya haura haka ana ɗaukarsa a matsayin somin biyan kuɗi. Idan mai saye ya janye ba tare da wani aibi a gidan ba, arbun ya zama na mai gida, dillali kuma yana da kashi ɗaya cikin huɗu a ciki. A rubuta ranar da za a kammala, a kuma rubuta makomar arbun idan banki ya ƙi ba mai saye bashi, domin wannan ce rigimar da aka fi yi.

Mataki na biyar: idan akwai bashin banki a kan gidan

Gidan da ke jingine ba ya sauya hannu sai an warware jinginar. Mai gida zai nemi banki ya ba shi takardar da ke nuna adadin da zai biya idan zai rufe bashin yanzu, kuma wannan adadi ya bambanta da jimillar sauran biyan wata-wata, domin ribar shekarun da ba a kai ba tana faɗuwa. Ƙa'idar Babban Bankin Saudiyya ita ce, abin da banki zai karɓa a matsayin diyyar biya kafin lokaci kada ya wuce ribar wata uku masu zuwa, tare da abin da ya riga ya biya wa wasu saboda yarjejeniyar, kamar inshora, idan ba zai dawo masa ba. An kuma yarda yarjejeniyar bashin gida ta hana biya kafin lokaci na wani wa'adi da bai wuce shekara biyu daga ranar sa hannu ba, don haka wanda bai daɗe da karɓar bashi ba ya koma ya karanta takardarsa.

A duba kuma irin yarjejeniyar. A murabaha sakki yana da sunan mai gida, banki yana riƙe da jingina. A ijara kuwa gidan da sunan banki ko kamfanin bashi yake har sai an gama biya, ke nan ba za a yi ciniki ba sai da hannunsu a ciki. Bayan an biya, a karɓi takardar mukhalasa mai shaida cewa ba a bin mutum komai, sannan a tabbatar an cire jinginar daga kan sakki. Takardar adadin bashi tana da wa'adi, kuma idan ya wuce kafin a kammala, sai an sake fitar da wata da sabon lissafi.

Mataki na shida: idan gidan na gado ne

Rabon gado tsakanin magada ba shi da haraji, amma ranar da magada suka sayar wa wani, kashi 5 ɗin nan yana nan daram. Ana bukatar takardar tantance magada, sannan kowane magaji ya halarta ko ya ba da wakilci, kuma wakilcin ya ambaci sayarwa da sauya mallaka da karɓar kuɗi da sunayensu. Magajin da ke Kano ko Zinder ko Khartoum zai yi nasa wakilcin a can, a gaskata shi ta hanyar ofishin jakadancin Saudiyya, idan ba da Larabci aka rubuta ba a fassara, kuma duk wannan kuɗi ne da lokaci. Idan akwai maraya ƙarami a cikin magada, ba a sayar da kasonsa sai da izinin kotu. A cire dukkan waɗannan kuɗaɗe daga jimilla kafin a raba, kada a bar su a kan ɗan'uwan da ya yi zirga-zirgar, domin daga irin wannan ne zumunci yake fara tsami.

Mataki na bakwai: ƙananan kuɗaɗe

Kuɗin wuta da na ruwa a biya su har zuwa ranar miƙa mabuɗi, a ɗauki hoton mita, sannan a mayar da su sunan mai saye. Shaƙƙar da ke ƙarƙashin ƙungiyar masu ɗakunan benen tana iya samun bashin kuɗin gyara da tsafta. Idan akwai ɗan haya mai yarjejeniya a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, sayar da gida ba ya korarsa, kuma hayar da aka karɓa ta watannin da ke gaba sai a yi lissafinta da mai saye. Wanda yake son sanin darajar gidansa kafin ya yanka farashi zai biya mai kimantawa da hukumar Taƙyim ta amince da shi.

Mataki na takwas: haɗa lissafin

Mu ɗauki misalin gida na riyal 1,200,000, inda mai gida ne ya ɗauki komai. Haraji 60,000. La'ada 30,000, da VAT ɗinta 4,500. A ce sauran bashin banki 400,000 ne, diyyar biya kafin lokaci ta kama 5,000, ƙananan kuɗaɗe kuma 3,000. Abin da zai shiga asusunsa riyal 697,500 ne. Da mai sayen yana da takardar gidan farko, da ya zama 747,500, idan kuma ya ɗauki sa'ayi a kan haka, 782,000. Gida ɗaya ne, farashi ɗaya, amma tsakanin lissafin farko da na ƙarshe akwai riyal 84,500.

Akwai kuskuren lissafi da ake yawan yi idan ana son a juya abin. Wanda yake son riyal miliyan ɗaya cif ya rage masa bayan haraji da la'ada da VAT, waɗanda suka haɗu suka zama kashi 7.875 cikin 100, yakan ƙara wannan kaso a kan miliyan ya nemi 1,078,750. Amma da yake ana cire kason ne daga sabon farashin, abin da zai rage masa kusan 993,800 ne. Hanyar da ta dace ita ce a raba miliyan ɗin da 0.92125, wanda zai ba da kusan 1,085,500.

Mataki na tara: rajista, biya, da ifragi

Mai sayarwa ko wakilinsa zai shiga shafin ZATCA, ya buɗe hidimar rajistar cinikin gida, ya shigar da lambar sakki da bayanan mai saye da kuɗin ciniki, da takardar gidan farko ko dalilin yafewa idan akwai. Za a fitar masa da lambar biya, ya biya ta tsarin biyan kuɗi na SADAD daga asusun banki. Sai an yi wannan ne ake yin ifragi, wato sauya sunan da ke kan sakki, domin ba a kammala shi matuƙar harajin bai shiga ba. A sake duba lambobin kafin a tura, don kuskuren lamba ɗaya a sakki ko katin shaida yana tsayar da aikin gaba ɗaya.

Ana yin ifragi ta intanet a dandalin gwamnati da ake kira Bursa Aƙariyya, inda kuɗin mai saye ke shiga asusun tsakiya kafin a sakar wa mai gida, ko a ofishin Kitabatul Adli, wato ofishin gwamnati na tabbatar da takardu, ko a wurin muwassiƙi, mai tabbatar da takardu mai zaman kansa, wanda yake karɓar ladan aikinsa, saboda haka a san wanda zai biya shi. Idan ba ta intanet aka yi ba, kada a karɓi cak na yau da kullum, sai wanda banki ya gaskata, da sunan mai gida kamar yadda yake a katinsa. Idan cinikin ya rushe bayan an biya harajin amma kafin ifragi, a soke rajistar a nemi a mayar da kuɗin.

Mataki na goma: bayan kuɗi sun shiga

Saudiyya ba ta karɓar harajin riba daga mutumin da ya sayar da gidan zamansa, sai dai wanda ya mayar da saye da sayar da gidaje sana'a hukuncinsa dabam ne, haka ma kamfani. A adana takardar biyan haraji da ta ciniki da mukhalasa da rasit ɗin dillali, domin hukuma na iya waiwayar cinikin, kuma banki ma zai iya neman su idan za a tura kuɗin waje.

Saura zakka. Gidan da mutum yake zaune a ciki ba a fitar masa da zakka, amma da zarar ya koma kuɗi, idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo yana hannu, akwai ɗaya cikin arba'in a kansa. Wanda ya sayi gidan tun asali da niyyar kasuwanci yana jiran farashi ya tashi, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kanta, yana fitar da zakkar shekara ɗaya ne lokacin da ya karɓi kuɗin, ko da gidan ya shekara biyar a hannunsa. A rubuta ranar da kuɗin suka shiga da kwanan watan Hijira, domin da ita za a ƙirga shekarar.